Ƙullin da Na Kwance a Zanin Asabe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata ta fari. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa ki shiga makarantar nan a sa'a. Na fara da addu'a ne don haƙƙinki ce a kaina, kuma don in na shiga abin da ke cikina ban san ko harshena zai yi laushi ba.

Tun da na haife ki bakina bai taɓa kama sunanki ba, don kunyar ɗan fari. Yau na ajiye kunya. Rukayya, raina a ɓace yake. Ban taɓa jin haushinki kamar yadda nake ji yanzu ba, kuma rabin haushin nan nawa ne, ni da kaina.

Jiya Alhamis ina shirya miki akwati, na sa yaji, na sa garin kunu, na ɗauko safarki zan naɗe sai na ji abu yana ƙara a ciki. Kati biyu na tramol, ɗaya an cinye fiye da rabinsa. Na kira ki ɗaki na ɗora miki a tafin hannu. Ko gezau ba ki yi ba. Kika ce, "Haba Inna, maganin gajiya ne fa. Da shi muka yi karatun jarrabawa, kowa na sha. Ke ba ki san shi ba ne."

Ni ce ban san shi ba?

Da ba don tsakar gida cike take da masu yi miki sallama ba, wallahi da kin sha marin da ba ki taɓa sha ba. Na karɓe katin na fita, kika ɗauka kin rufe mini baki da boko. To ki zauna ki karanta. Aji shida kawai na yi, rubutuna ba shi da kyau, amma wannan magana ba wadda zan ba wani ya rubuta mini ba ce.

Na san shi tun kina da shekara biyu. Na san ɗacinsa in ya maƙale a maƙogwaro ba ruwa. Na san yadda yake sa hanci ƙaiƙayi. Shekara biyu ina bautarsa, ni uwarki, ni da kike gani ina ja muku baki a karatun asuba.

Lokacin na haifi ƙanenki Usman, ban daɗe da yin arba'in ba aka shiga kakar kifi. Shekarar ruwa ya yi albarka a Warra, jirage na shigowa kwata shaƙe da tarwaɗa da karfasa, babanki na kawowa ni ina banda. Kin san aikin: a fede, a wanke, a lanƙwasa, a jera bisa waya, a tsaya cikin hayaƙi ana juyawa tun hantsi har rana ta faɗi. Ga goyo a baya, ga ke kina jan zani. Bayana ya riƙe har in na sunkuya sai na dafa gwiwa kafin in miƙe.

Akwai ƙawata Asabe, bandarta na kusa da tawa, tare muka tashi tun muna tallan gyaɗa. Wata rana ta gan ni na jingina da bango ina hawaye. Ta kwance haɓar zaninta ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta miƙo mini.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Sha ke dai, Hajara. Ni zan cuce ki?"

Na sha. Kafin azahar ciwon ya tafi kamar an zare ƙaya. Ba ciwon kaɗai ba, har damuwar da ke raina ta tafi. Na gama kifina, na taya maƙwabciya nata, na yi wanki, na daka hatsi, ina 'yar waƙata. Na ce a raina ashe haka sauran mata ke ji, ni kaɗai aka bari a wahala.

Asabe ba ta yi ƙarya ba da ta ce ba za ta cuce ni ba, har zuciyarta taimakona ta yi. Abin da nake so ya shiga kanki ke nan. Ba maƙiyi ne ke fara ba mutum wannan abu ba. Maƙiyi ya miƙo miki ai ba za ki karɓa ba. Ƙawa ce, mai tausayinki, wadda kuke cin abinci kwano ɗaya. Na san wadda ta ba ki tana da kirki, kada ki ɓata bakinki wajen kare ta. Kirkinta bai hana ta miƙa miki wuta ba.

Daga ɗaya na koma biyu. Ba don daɗi ba, don ɗayar ta daina aiki. Ranar da ban sha ba kuwa sai jikina ya zama kamar an yi mini duka da taɓarya, hamma, hawaye, haushin kowa. Na fara saye da kaina. Don kada mai kemis ɗin unguwarmu ya gane, sai ranar kasuwar Yauri in na kai kifi in bi kemis biyu ko uku, kowanne in ce mijina ne ya aiko ni, bayansa ke ciwo. Babanki da ko goro bai dame shi ba, shi na riƙa shafa wa baƙin fenti a garin da ake ganin girmansa. Kuma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayata takardar likita. Suna ganin mace da goyo, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, su miƙo su juya ga na baya. Har yau in na wuce ƙofar irin waɗannan shaguna sai na ji zuciyata na tafasa. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, na sani, amma ni ban dace da su ba, kuma gaskiya ba su nake nema ba.

Mutane kuma suka yi ta yabona. Ana cewa matar Malam Garba namiji ce, ba ta gajiya. Ana cewa Usman yaro ne mai haƙuri, sai barci, ba ya kuka. Daga baya likita ya gaya mini abin da nake sha yana bi ta nono. Haƙurin da ake yabo, ni ce nake bugar da jariri. Ki karanta wannan layin sau biyu.

Duk tsawon lokacin ban taɓa kiransa ƙwaya ba. Maganin baya nake cewa, ko a zuciyata. 'Yan ƙwaya su ne samarin tasha masu jan ido, ni kuwa matar aure ce mai salla. Shi ya sa da kika ce mini maganin gajiya na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, don muryata na ji a bakinki. Ki kira abu da sunansa. Ke mai shan ƙwaya ce, ko kin yi wata ɗaya ko kin yi shekara. In kin iya faɗin haka da bakinki, an fara samun hanya. In kina ta sa masa sunan ado, babu mai iya taimakonki.

Sai faɗuwa ta zo. Farkon yi ina tsakar gida, na ji wani ƙamshi-ƙamshi, sai na farka a ƙasa harshena na jini, mata sun kewaye ni suna salati. Aka ce jikina ya yi ta karkarwa, idona ya juye. Tsofaffi suka ce iskar ruwa ce, na je kwata da tsakar rana da ɗanyen jego. Babanki ya ɗauko malami. Ina kwance bisa tabarma bawan Allah yana ta karatu a kaina har muryarsa ta dushe, ana yi mini hayaƙi, ana ba ni rubutu, babanki na gefe yana share ido da hannun riga. Ni kuwa na san aljanina, yana ƙulle a haɓar zanina, ina jin tudunsa a cinyata. Ayar Allah ake karantawa, ni ina lissafin yaushe za su fita in sha. Allah ya yafe mini wannan.

Yanzu ki naɗe hannun rigarki na hagu ki duba. Tabon nan da ya taso daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa, wanda ya sa ba kya son riga mai gajeren hannu, wanda yara suka riƙa tsokanarki da shi a firamare kina dawowa da kuka. An gaya miki na je ɗebo itace ne kina wasa kika faɗa bakin banda. Ni na ƙirƙiri wannan labari. Ba inda na je. Ina nan zaune, taku uku tsakanina da ke.

Ranar nan guda uku na sha a haɗe, don kifi ya yi yawa. Rana ta take, kina wasa da gwangwani a gabana. Abin ya buge ni. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da ya fara shiga hancina da na farfaɗo wani ƙauri ne wanda ba na kifi ba. Kin zo ne ki tashe ni, kika yi tuntuɓe da ƙafata kika faɗa kan garwashin da na jawo bakin banda. Kin yi kuka har muryarki ta ƙare, sai buɗe baki kawai kike yi. Na ɗauke ki, fatar hannunki ta biyo zanina.

Da babanki ya dawo daga ruwa aka gaya masa, bai tambaye ni komai ba. Shi ya gina bandar da hannunsa, ya yi mata baki ƙasa-ƙasa don in ji sauƙin tura itace saboda bayana. Ya ɗauki gatari ya rushe ta, yana sara yana cewa, "Ni na ƙona ta. Ni na ƙona ɗiyata." Ina tsaye ina jin sa. Na buɗe baki? Ban buɗe ba.

Kina tsammani daga nan na daina, ko? Kowace uwa za ta ce daga nan ta daina. To saurara. Kwana na uku a asibiti a Yelwa, ana wanke miki ciwon, nas biyu sun danne ki kina kiran Inna, Inna. Ƙullina ya ƙare tun jiya, jikina na rawa, gumi na karyo mini. Na ce wa nas ɗin zan je in sayo miki lemo. Na fita ƙofar asibiti, na tsallaka titi, na shiga kemis. Ina jiyo muryarki har bakin titi, ban juyo ba. Na haɗiye ta a tsaye ba ruwa, sannan na sayi lemon.

Don haka kada ki kuskura ki ce mini kin san iyakarki, ko in kin ga zai cutar da ke za ki bari. Wa ya fi uwa son ɗiyarta? Na so ki a ranar kamar yadda nake son ki yau, son bai hana ni tsallaka titin nan ba. Abin nan ba ya shawara da so, ba ya shawara da hankali, ba ya shawara da yawan karatu. Ke da kike taƙama kin ci jarrabawa, kin fi ni ilimi, na yarda. Ba ki fi ni taurin rai ba, kuma ni ya kayar da ni.

Na ƙara shekara guda da wani abu a haka. Abin da ya tsayar da ni mutuwar Asabe ce, kuma ko ita ba ta hanyar da kike zato ba.

Da hantsi ne, tana wanke kifi a kwata, ruwan bai wuce gwiwa ba. Faɗuwar ta zo mata, ta kifa. Mutane na can wajen jirgin da ya shigo ana cinikin kifi, kafin a lura ta cika. Asabe da ke iyo tun tana 'yar shekara biyar, ta mutu a ruwan da akuya ke tsallakawa. Ta bar 'ya'ya huɗu. Gari ya ce ruwa ya ci ta, kwana ya ƙare. Na'am, kwana ya ƙare, babu mai ja da hukuncin Allah. Amma rabin matan da ke zaune a gidan makokin sun san abin da ke haɓar zaninta, wasunsu irinsa ne a nasu, aka haɗu aka yi shiru aka ce ƙaddara. Wannan shirun namu na Warra da Yauri, da muke kira rufin asiri, ya binne mutane da yawa. Har yau ana yi. Yaro ya faɗo daga mashin a ce tsautsayi, mai jirgi ya hau kututture da rana tsaka a ce iska, kowa ya san abin da ya sha da safe.

Goggonki Mairo, yayar babanki, Allah ya jiƙanta, ita ake kira wankan gawar mata a unguwarmu. Ta ce in shigo in taya ta tunda ƙawata ce. Muka shiga, daga ni sai ita sai gawa. Ina cire wa Asabe jiƙaƙƙen zaninta na ji ƙullin a hannuna. Goggonki ta juya tana haɗa ruwa. Rukayya, na kwance ƙullin nan. Leda ce ta naɗe shi, ruwa bai taɓa shi ba, guda shida. Na tura a cikin rigata. Ƙawata na kwance a gabana ido a rufe, abin da ya kashe ta na sata daga jikinta, kuma abin da na ji a raina daɗi ne, na samu na kwana biyu.

Muka gama wanka, muka sa mata likkafani, maza suka ɗauka. Sai da gida ya rage mutane goggonki ta kama hannuna ta ja ni bayan rumbu. Ta buɗe tafin hannunta.

Ta ce, "Ba ni."

Na ce, "Me zan ba ki, Yaya?"

Ta ce, "Hajara, na wanke ta yau. Ba ni da niyyar wanke ki bana. Ba ni abin da kika ɗauka."

Na rantse da Allah ban ɗauki komai ba. Na rantse, a gidan mutuwa. Ta sa hannu cikin rigata da kanta ta zaro. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta dube ni ta ce, "Hannun yarinyar nan fa?" Na zauna a ƙasa.

Ba ta tona ni ba, amma ba ta rufe ni irin rufin da na saba ba. Washegari ta ce wa babanki za ta tafi da ni wajen Shanga, gidan wata innarsu tsohuwa, in huta a nema mini maganin faɗuwa. Muka bar ki wajen kakarki, muka ɗauki Usman. A hanya ta tsaya da ni Yelwa wajen likita, ta zauna a gefena ta ce, "Gaya masa adadin da kike sha, in kin rage ɗaya zan tashi in bar ki nan." Na faɗa. Likitan bai zage ni ba. Ya ce faɗuwar daga ƙwayar ce, ya ce a yaye Usman, ya tsara yadda za a riƙa rage mini a hankali, ya damƙa maganin a hannun goggonki, ba a nawa ba.

Kwana arba'in da wani abu na yi a ƙauyen nan. Ko da ragewar, na ga tashin hankalin da naƙuda ba ta kai shi ba. Sanyi da zafi lokaci ɗaya, zawo, amai, ƙafafuna ba su iya zama wuri guda kamar tururuwa na yawo cikin ƙashi. Na roƙe ta, na yi mata kuka, na durƙusa. Da roƙo ya ƙi sai na koma zagi. Kin san goggonki Allah bai ba ta haihuwa ba. Na dube ta na ce, "Juya kawai, me kika sani a kan ciwon bayan mai haihuwa? Baƙin ciki kike yi da ni." Tana riƙe da kwanon kunu. Ta ce, "Na ji. Sha kunun." Ta goya Usman a bayanta duk tsawon yayen, ita ta wanke zannuwan da na ɓata. Na nemi gafararta daga baya ta ce ba ta tuna ba. Ƙarya take yi, irin wannan magana ba a manta ta. Har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa ba.

Ki lura, ban fita da ƙarfina ba. Sau nawa na rantse ni kaɗai a ɗaki cewa daga yau na bari, kafin la'asar na karya. Sai da wani ya sani, ya riƙe maganin, ya riƙe ni, sannan na fita. Wanda ya ce miki zai bari a ɓoye ba tare da kowa ya ji ba, bai shirya bari ba.

Da na fara dawowa hayyacina babanki ya zo duba ni. Goggonki ta shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ta ce mini, "Ni ba zan faɗa ba. Ke za ki faɗa." Ta ɗauki Usman ta bar mu. Na gaya masa komai, da sunansa da na riƙa kaiwa kemis, da malamin da ya ɗauko, da gawar Asabe. Yana ta kallon ƙasa. Da na zo kan hannunki sai ya ɗago.

Ya ce, "Kina wurin?"

Na ce, "Ina wurin, Malam."

Ya ce, "Ashe ba bandata ba ce."

Ya tashi ya sa takalminsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Na ɗauka takardar sakina za ta biyo baya, kuma da ta zo ba zan ce ya zalunce ni ba. Bayan mako uku ya dawo ya ce in haɗa kayana mu koma gida. Daga ranar har jiya bai sake tayar da maganar ba.

Ni ma ban tayar ba, kuma nan na sake yin wani kuskuren. Na ce a raina na tuba, Allah ya rufa mini asiri, me zai sa in ɓata kaina a idon 'ya'yana? Na fi son ku ɗauke ni uwa mai tsabta da ku san gaskiyar da za ta tsare ku. Ina ji ana labarin 'yan makaranta na shan abin nan, har da 'yan mata masu hijabi, sai in ce Allah ya shirya, kamar ban san komai ba. Ina ganin kin rame lokacin jarrabawa, kina soshe hanci, kina fushi ba dalili, zuciyata ta gaya mini, na ce a'a, ba ɗiyata ba. Ni da na fi kowa sanin alamun. Girman kaina na saya da lafiyarki. Wannan haushin shi ya fi ci mini rai.

Saboda haka ban sake yin shiru ba. Yau da asuba na gaya wa babanki abin da na gani a akwatinki. Yana gyaran komarsa ta kamun kifi ne, hannunsa ya tsaya cak. Ya ce ba za ki tafi ba. Na ce a bar ki ki tafi, don a Warra ma ana sayarwa, kulle ki a ɗaki ba zai raba ki da shi ba, kuma ban so a ce na kashe miki karatu bayan abin da na riga na yi miki. Mun daɗe muna ja kafin ya yarda, da sharaɗi. In kin ga bai yi miki dariya a tasha ba gobe, kin san dalili.

Kuma ki tuna karatun da za ki yi. Aikin jinya ne. Wata rana makullin kabad ɗin magani za a sa a hannunki, ga marar lafiya na ihu an rubuta masa allurar kashe ciwo, ga ke jikinki na rawa. Na san abin da za ki yi, don na san abin da na yi wa gawa. Ba zan zauna in ga ɗiyata ta sace maganin mai ciwo ta ɗura masa ruwa ba. Gara ki dawo ki tsaya a hayaƙi tare da ni har ƙarshen rayuwarki.

Ga sharaɗin. Cikin makon farko ki nemi likita a can, ki gaya masa gaskiya, yaushe kika fara, nawa kike sha a rana. Kada ki yanke shi da kanki lokaci ɗaya in kin daɗe a kai, kuma kada ki ce sai kin gama sabawa da makaranta. Katin nan biyu na jefa su a wuta, amma ni ba yarinya ba ce, na san kafin ki kai Koko kina iya samun wani. Duk wadda ta miƙo miki a ɗakin kwana, ki ce mata uwarki ta sha shekara biyu, ki naɗe hannun riga ki nuna mata. Na ba ki izini. Asirina bai fi ranki ba.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar zan zauna kusa da wayar babanki. Ki kira. Abu uku nake son ji: tun yaushe, guda nawa, da ranar da kika ga likita. Kada ki rage ko ɗaya, zan gane, don duk ƙaryar da za ki yi na riga ki yin ta. In la'asar ta wuce ba ki kira ba, ranar Asabar ni da babanki muna cikin motar Sakkwato, kuma ba zan ji kunyar tsayawa a ƙofar makarantarku in kira sunanki da ƙarfi ba.

In kin gama karantawa kika ji kin tsane ni, kina da gaskiya. Shekara goma sha bakwai ina kallon hannun nan ina yi miki ƙarya. Ban ce ki yafe mini yau ba. Ki yi fushinki, ki ƙi gaishe ni in kin so, zan ɗauka. Amma ki yi fushin da idonki biyu, kina cikin hankalinki.

Kifin da ke cikin ledar nan ki shanya shi in kin isa, kada ya yi fumfuna. Ki ba abokan ɗakinki.

Allah ya tsare ki daga abin da ya kama ni. Allah ya haɗa ki da mai riƙe ki irin goggonki, ya raba ki da mai tausayin da zai hallaka ki. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya, ya dawo mini da ke lafiya, jiki da hankali. Allah ya jiƙan Asabe, ya jiƙan Mairo, ya yafe mini. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Innarki, Hajara,
daga Warra, ranar Juma'a.